Lamba Tamanin da Bakwai

Lantana ce ta rubuta sunana, ban sani ba.
Jaka biyu ta zare daga kuɗin kitsonta,
ta dawo da ƙyalle mai lamba tamanin da bakwai,
ta ce, "Baba, ran Lahadi da kai za a yi."

Ta nuna min a wayarta yadda wasu ke tseren
a ƙasar da ƙanƙara ke zuba kamar gari daga rariya.
Na ce, "Mu a Ngaundare ba mu da wannan,
amma muna da asubar Disamba,
mai sa mutum ya tsaya gaban buta yana shawara."

Ƙarfe shida muka jeru a gindin dutse.
Raɓa ta jiƙa ciyawa har gwiwa,
numfashin mutum ɗari biyu na tashi kamar ana dahuwa.
Ga yaran jami'ar Dang da takalma masu sheƙi,
ga ni da na robar da nake dako da shi a tashar jirgi,
wanda aka liƙe sau uku da wuƙa mai zafi.

Aka busa usur. Suka bar ni kamar dashe.

Tayoyi talatin a jere, a ta ashirin na ci ƙasa.
Ƙarƙashin waya mai ƙaya na ja ciki,
laka ta shige min baki, sanyinta ya fi na randa,
wayar ta yagi rigata ta riƙe tsaraba.
Katangar katako ta ƙi ni sau biyu,
sai wani mai suna Hamajoda, ban taɓa ganinsa ba,
ya durƙusa ya ce, "Taka bayana, dattijo."
Na taka.
Kafin in haɗa godiya ya ɓace.

Sai ga buhunan yashi.
Nan na yi dariya har haƙorana suka daina kaɗawa.
Kilo ashirin da biyar wai shi ne azabar!
Ni da ke sauke siminti daga tarago
tun kafin a yaye waɗannan yara.
Na saɓa nawa na kama tudu,
ina wuce su ɗaya bayan ɗaya suna nishi.
Tsakiyar hawa na iske Hamajoda zaune,
buhu a cinya kamar mai rarrashin jinjiri.
Alƙalin wasa ya juya baya yana hura tafin hannu.
Na ɗora nasa bisa nawa.
Bashi ba ya kwana a wurina.

Rafi ne ya sauke min girman kai.
Ruwa ya kawo ƙirji, ya yanka kamar aska,
ƙafafuna suka zama na aro,
na lalubi sunan unguwarmu a kaina na rasa.
Igiya kaɗai na sani, da hannun da ya ƙanƙame ta.
Can daga gaɓa muryar Lantana ta keto tururin ruwa:
"Baba! Shayin fa zai huce!"
Shayin da na ji an ambata,
shi ya fito da ni.

Na sittin da ɗaya na zo.
Suka rataya min ƙarfe mai jan zare
wanda ba zai sayi ko mudun masara ba.
Yatsuna suka kasa riƙe kofi,
ita ta kai min shi baki
yadda na riƙa kai mata shekarar da ta yi ƙyanda.

Ran Litinin jirgin kaya ya iso a makare, kamar kullum.
Na duƙa ƙarƙashin buhun farko,
kafaɗa na ƙara, sauran laka na cikin kunne.
Babu usur, babu mai tafi.
Amma daga tarago zuwa bakin mota
na riga Buba da taku uku,
ban kuma gaya masa tsere muke ba.